Ƙudajen da Suka Tona Asirin Torben

Akwai wani mai bincike a wata jami'a a Jamus, sunansa Torben. Aikinsa kiwon ƙananan ƙudajen nan masu bin ruɓaɓɓiyar ayaba. Kwantiraginsa ya kusa ƙarewa, ba kuma za a sabunta masa ba sai ya kawo sakamako mai ƙwari.

Yana son ya gane yadda agogon jikin ƙuda ke kasancewa idan ya tashi bai taɓa ganin haske ba. Sai ya zuba ƙwai a akwati, ya rufe cikin duhu. Dokar ɗakin ɗaya ce: ba a shiga sai da jar fitila, domin ita ce ba ta damun ƙudajen.

Amma Torben akwai gaggawa, ga jin kai. Wata safiya, kofi a hannu, ya nemi jar fitilar ya rasa, sai ya haska akwatin da wayarsa. Abokiyar aikinsa Henrike ta gan shi.

"Kai Torben, farin haske ne fa wannan!"

"Haba Henrike, tsutsotsi ne ko fiffike ba su yi ba. Me za su tuna?"

"To, malamin malamai. Ni dai na faɗa maka."

Da ƙudajen suka girma, sai ya ga duk tare suke tashi, tare suke kwanciya, alhali waɗanda aka rena a duhu kowa da lokacinsa. Murna ta kama shi, ya manta da batun waya. Ya tara shugaban sashen da sauran ma'aikata, har da kek, ya ce ya gano abin da ba a taɓa ganowa ba.

Shugaban ya yi tambaya ɗaya: "Ka tabbata haske bai taɓa su ba suna tsutsa?"

Torben ya dubi Henrike. Ta sunkuyar da kai. Nan ya ji kunya ta rufe shi, domin hasken wayar nan na leƙe guda shi ya saita musu agogo tun suna ƙanana.

Aikin ya rushe, ba kuma sauran lokacin sakewa. Ƙarshen wata ya kwashe kayansa, ko kek ɗin ba wanda ya yanka.

Darasi: Kada ka ce yaro ƙarami ne, ba zai tuna ba. Abin da ya gani yau, da shi zai tashi gobe. Ku tura wa iyaye da malamai su karanta.