Nomau da Shingen Aguwa

"Ku matso kusa. Ga ta nan, ga ta nanku!"

"Ta zo mu ji ta, Kaka!"

Wani mutum ne wai shi Nomau. Yana da gonar wake a gindin dutse. A gefenta guda akwai wasu dogayen itatuwa masu ganye kamar allura. Ta ƙarƙashinsu awakin gari suke shigowa.

Sai matarsa Tasalla ta ce, "Maigida, ka yi shinge."

Sai ya dasa zogale. Awaki suka zo suka cinye shingen, suka ɗora da wake. Nomau ya riƙe baki ya ce, "Yau ga abu! Shinge na yi ko kalaci?"

Shekara ta zagayo, sai ya dasa lalle. Inuwa ta rufe shi, ganyen allura ya binne shi, ya yi rawaya ya mutu. Awaki suka tsallake. Nomau ya ce, "Ana neman inuwa, shi kuma inuwa ta kashe shi?"

Tasalla ta nuna masa ƙwarya, ta ce, "Irin da ya rage ke nan. In aka cinye na bana, ba mu da na shuka."

Sai ya tafi wurin wata tsohuwa mai lambu. Ta ba shi rassan aguwa, wani tsiro mai farin ƙaro kamar nono, ta ce, "Akuya ba ta taɓa ta. Ka kafa da bazara, nesa da inuwa. Kada ka ba ta ruwa."

"Ba ruwa, Iya?"

"Ko ɗigo. Ka manta da ita."

Nomau ya dawo kansa a ɗaure. Ya kafa ko'ina. Amma ta gefen itatuwa sai ya cusa ta cikin inuwa, wai kada rana ta dame ta. Gefen nan ne kusa da rijiya kuwa. Sai tausayi ya kama shi. Safe ruwa, yamma ruwa, har da taki. Sauran gefen uku sun yi masa nisa, ko leƙawa bai yi ba. Ni dai ban taɓa jin wauta mai ƙwazo irin wannan ba!

Damina ta sauka, wake ya yi fure. Wadda ya manta ta yi tofo, ta haɗe ƙam. Wadda ya lallaɓa ta ruɓe ta zube.

Sai awaki suka zo. Suka zaga nan, ba hanya. Suka zaga can, ba hanya. Sai suka ga ƙofa a buɗe a gindin itatuwa. Suka shiga a jere, ba su bar ko ganye ba.

Nomau ya tsaya da tulu a kafaɗa, ya ce, "Tasalla, ban gane ba. Nan ne fa na fi wahala!"

Ta kife ƙwaryar iri, ba komai a ciki. Idonta ya cika da hawaye, ta ce, "Da ka yi lalaci ko'ina, maigida, da mun ci wake."

Ƙurunƙus kan kusu! In wanda ya sani ya ce ku bar abu, ku janye hannunku. Ku tashi ku kwanta.