Kurege da Burkin Haya

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, in tana tsayawa.

Kurege ne ya sayi mota wurin Dila, maƙerin motoci. Da ya gama biya, sai Dila ya ce, "Mota taka ce, ranka ya daɗe. Amma hon da rediyo da burki na haya ne, wata-wata. Ta waya nake kunnawa, ta waya nake kashewa."

Kurege ya biya na hon, don a san ya zo. Ya biya na rediyo. Burki kuwa akwai watan gwaji kyauta, shi kuma a saninsa kyauta ba ta ƙarewa.

Ranar da ta ƙare, ya tafi gaida surukinsa Kunkuru. Ya taka burki a ƙofar gida, motar ta ce cikin ladabi, "Hayarka ta ƙare. Mun gode." Ya ɗaga ƙafa daga totur, ashe ɗagawar ma tana cikin hayar.

To, suruki ba a wuce shi ba gaisuwa. Kurege ya kewayo gidan, ya rusuna kan sitiyari.

"Baba, ina wuni!" Fiu, ya wuce.

Ya kewayo. Kunkuru ya fito da kai. "Lafi..."

Fiu.

Ya kewayo. "...ya lau. Ina gaji..."

Fiu.

Kunkuru ya dubi matarsa. "Yaron nan akwai zumunci. Zuwansa na nawa ke nan yau?"

Kurege dai kai na juyawa, taya na hayaƙi. Ya kira Dila.

"Malam Dila, kunna min burki, gobe in biya."

"To, gobe sai in kunna."

"Bari in kawo maka yanzu da kaina. Kana shago?"

"Ina ciki, ina shan shayi tsakiyar sababbin motoci."

"Yi zamanka. Ba sai ka buɗe ƙofa ba."

Dila ya ɗaga kai, sai ga mota ta miƙo, hon na tashi, rediyo na kiɗa. Ya jefar da shayi, ya danna waya da hannu, ya danna da hanci. Ƙiiii! Mota ta tsaya, tana sunsunar gashin bakinsa.

"Nawa ne?" in ji Kurege.

"Haba, ranka ya daɗe. Kyautar kamfani ce."

"Har yaushe?"

"Har ka manta hanyar nan."

Ƙurunƙus kan ɓera. Wanda ya riƙe muku burki, yara, ku san ƙofar shagonsa.