Ranar da Garayar Cindo Ta Yi Shiru

Akwai wani saurayi a Gadarif mai suna Wada, wanda a shekarun alif ɗari tara da saba'in ya sayi jita mai lantarki a hannun wani direba daga garin Gallabat. Da batirin lori yake kunna ta. Ya jawo abokinsa Cindo mai garaya da Tsoho mai kalangu, suka riƙa ɗora waƙoƙin noma na kakanni a kan kiɗan zamani. Taurarin Riɗi, haka suka kira kansu.

Kakar riɗi ce, biki ta ko'ina. A garin kuwa, in kiɗa ya ratsa mutum sai ya taso ya kaɗa yatsu a saman kan makaɗi yana cewa, "Abshir!", wato madalla, don yaba masa.

To, nan fa ake yin ta. Duk wanda ya taso, kan Cindo yake nufa. Ga Wada ya tara suma, ga jita tana ƙyalli, amma sai a wuce shi a je wurin mai garaya da igiyarta biyu. Kishi ya riƙa cin sa har ya rame.

"Ni na kafa ƙungiyar nan, ya zol," ya ce wa Tsoho, wato "mutumina" a maganar garin. "Ni nake dakon batiri!"

"Ai ba batirin ake yi wa rawa ba," in ji Tsoho.

Ana haka labari ya zo cewa wani mai ɗaukar waƙoƙi a kaset zai taso daga Khartoum ya saurare su a wani biki a Basunda.

Garaya ba ta ba da murya sai fatarta ta sha rana ta ɗame. Ranar bikin Cindo ya shanya tasa, ya tafi sallar la'asar. Wada ya duba hagu da dama, ya tuttula mata ruwan buta, ya goge saman da hannun rigarsa.

Aka fara kiɗa. Cindo ya kaɗa, sai wani dum-dum kamar ana dukan buhun dawa. Wada ya samu fili, ya ware jita iya ƙarfinta. Ko mutum ɗaya bai taso ba.

Baƙon ya ɗaga hannu. "Khalas, ya isa. Irin jitar nan ta cika Khartoum. Cewa aka yi akwai garayar da ke mayar wa jita magana, ita na biyo." Ya hau mota ya tafi.

Cindo ya shafa fatar, ya dubi sama, ya dubi jiƙaƙƙen hannun rigar Wada.

"Damina ta wuce, Wada," ya ce a hankali. "Da ka faɗa min hannayen mutane ne ke damun ka, wallahi da a bayanka zan riƙa zama."

Ya rataya garayarsa ya koma gona. Wata huɗu kacal ƙungiyar ta yi. Wada ya ci gaba da yawon biki shi da batirinsa, amma har jitar ta lalace ba wanda ya taɓa kaɗa masa yatsa.

Darasi: In Allah Ya ɗaga abokin tafiyarka, kai ma tare ake ɗaga ku. Mai hassada kansa yake fara kayarwa. Ku tura wa 'yan uwa, musamman masu sana'a tare.