Lomar da ta koma huhu

'Yan uwa, yau Sanjar ya taka har ƙofar gida, ba sanda, ba dafa bango! Mijina fa, wanda korona ta kwantar har inji ke yi masa numfashi. Tun safe bakina ya ƙi rufuwa. Amma ku zauna, akwai abin da ya fi wannan.

An yi wani mutum nan garinmu Margilan, mai shagon alharini, ba zan kama suna ba. A asibiti gadonsa na kusa da na Sanjar, rana ɗaya aka zare musu bututu daga maƙogwaro.

Dilrabo, mai koya wa majinyata motsa jiki, ta ce musu, "Kun tsira, amma ba ku warke ba. Maƙogwaronku ya manta haɗiya. Sai kunu da cokali, a zaune, kuna hura balan-balan har huhu ya buɗe."

Mutumin ya ce, "'Yar nan, autata ta girme ki. Balan-balan ki kai wa yara."

Sanjar kuwa ya bi umarninta. Ni ke ba shi kunu, cokali ɗaya shi, ɗaya jaririyarmu Mohinur. Abokansa suna tsokana, "Sanjar, yaushe za a yaye ka?" Sai ya yi dariya.

Shi kuwa mutumin, yana komawa gida ya ce a yanka rago, a ɗora tukunyar osh, dafa-dukan nan tamu, a kira unguwa cin shinkafar godiya. Godiya ce ko so a ce ya fi ƙarfin cuta? Matarsa ta dama masa kunu, ya ce ta ɓoye kada maza su gani.

Kun san yadda muke yi. In an kusa tashi, dattijo kan cika tafinsa da shinkafa ya sa wa mutum a baki. Dattijon unguwa ya miƙo masa. Me zai rage shi in ya ce, "Baba, ban warke ba tukuna"? Wa zai zage shi? Ya dubi mazan da ke kallonsa, ya buɗe baki.

Ya yi tari, ya yi tari, ya ce ba komai. Ashe huhu shinkafar ta bi. Kwana biyu zazzaɓi ya rufe shi, aka mayar da shi kan inji. Bai sake sauka ba. Yanzu shagon a kulle, dattijon nan kuma don baƙin ciki ko gaisuwa ba ya iya amsawa.

Ya 'yan uwa, girman kai ne ya kashe shi. Fita daga asibiti ba warkewa ba ce. Wanda Allah ya mayar kamar jariri, ya yarda a lallaɓa shi. Mu ma mu daina ɗura wa mai jinya abinci wai karamci.

Allah ya kiyaye mu da jin kunyar rauninmu. Don Allah wadda ta ji, ta faɗa wa maƙwabciyarta, musamman mai majinyaci a gida.