Kwamfutocin da Ciyaman Ya Buɗe

"Haba, ranka ya daɗe! Ƙungiyar agajin nan ta biya rabin kuɗin kwamfutocin laburare, saura rabinka. Jibi wa'adin zai cika, su janye nasu!" in ji Ladidi, mai kula da laburaren garin.

"Ke, ni ba na sayen kayan ado," in ji Ciyaman Ɗanjuma. "Sai na ga mutane suna aiki da su zan sa hannu."

"Tun ba a sayo ba?"

"Wannan kuma matsalarki ce."

Ladidi ta san Ciyaman ba ya ƙin yanka ƙyalle. Washegari ta gayyato shi bikin buɗe ɗakin kwamfuta, har da 'yan rediyo. Yana yankawa, sai ga mutum goma a zaune, suna ƙwanƙwasa tebura da yatsu, sun ƙura wa bango ido.

"Ina kwamfutocin?" ya raɗa mata.

"Ga masu aiki nan ka gani. In kuwa babu komai, ga makirufo, gaya wa jama'a tebura ka zo buɗewa."

Ciyaman ya dubi makirufon. "Kawo takardar."

Yana cikin sa hannu, wani tsoho ya ɗaga yatsa. "Malama, tawa ta ƙi motsi. In kashe in kunna?"