Rawanin Alƙali Dila

Ga ta nan, ga ta nanku, ku masu kunnuwa.

Ta zo mu ji ta, Iya, mun yi tsit!

Kun yi tsit ina? Hansai, daina tsokanar wutar nan kafin ki ƙona mini tabarma.

An yi wani Dila da aka naɗa alƙali a garin dabbobi. Aka ɗaura masa rawani mai naɗi arba'in, aka ba shi karnuka biyu dogarai. Kun san kare da dila ba sa ga-maciji. Amma dokar garin ta ce muddin rawani na kan alƙali, dogari ba ya ɗaga ido ya dube shi. In rawani ya taho, sai a sunkuya har ya wuce.

A garin akwai wata Akuya mai 'ya'ya uku: Ɗan Baƙi, Ɗan Ja, da Auta.

Rannan Zomo ya kawo ƙara, wai Ɗan Baƙi ya ci masa ganyen wake. Dila ya dubi Ɗan Baƙi, ya haɗiye yawu, ya ce, "Shari'a ba ta son gaggawa. A ajiye shi a rumbuna kwana bakwai." Rumbun kuwa ƙofarsa 'yar ƙarama ce, da ƙyar ake kutsawa.

Kwana bakwai ya cika, Akuya ta zo. "Allah gafarta Malam, ina ɗana?"

Dila ya yi gyatsa, ya ce, "Ya tsere."

"Ya tsere ina?"

"Wa ya sani? Yaran yanzu!"

Ba a yi wata ba aka kamo Ɗan Ja. Shi ko mai ƙara babu, wai an ga yana kallon gonar Zomo da mugun nufi. "A ajiye shi a rumbuna kwana bakwai." Kwana bakwai ya cika, Akuya ta zo. Dila ya yi gyatsa, ya ce, "Ya tsere." Ga jan gashi nan maƙale a gemunsa, maras kunyar banza!

Akuya ta ɗora hannu a ka, ta nufi wurin dattawa uku masu hukunta alƙalai: Giwa, Raƙumi, da Kunkuru. Su kuwa ba sa zama sai wata ya tsaya.

Zama na farko suka fara gaisawa. Ina gajiya, yaya iyali, yaya ƙafar nan mai ciwo, yaya wuyan, yaya bayan? Ba su gama ba rana ta faɗi, aka tashi.

Zama na biyu suka yi ta musu a kan wanda zai hau buzu. Giwa ta ce ta fi girma, Raƙumi ya ce ya fi tsawo, Kunkuru ya ce ya fi shekaru. Rana ta faɗi, aka tashi.

Zama na uku suka saurare ta. Giwa ta kaɗa kunne ta ce, "Lallai Dila ya yi ɓarna. Za mu tuɓe shi."

Akuya ta buɗe baki za ta yi guɗa, Kunkuru ya ce, "Tsaya, baiwar Allah. Bisa al'ada za a yi. Ba a fizge rawanin alƙali, warware shi ake yi. Zama ɗaya, naɗi ɗaya."

"Naɗi arba'in fa, Baba! Kafin nan wa zai riƙa shari'a?"

"Shi mana. Ai da rawani a kansa."

Aka kira Dila, aka warware naɗi ɗaya, ya yi godiya har da addu'a. Yana komawa gida ya sa aka kamo Auta, wai uwarsa ta yi wa shari'a rashin kunya. "A ajiye shi a rumbuna kwana bakwai."

Akuya ta ruga wurin dattawa. Raƙumi ya ce, "Wannan sabuwar ƙara ce. Sai an gama waccan."

Wayyo, Akuya! Ta zauna gindin tsamiya tana kuka. Auta kaɗai ya rage mata a duniya, ga kwana bakwai kacal. Tana kuka tana taunar bakin zanenta, ba ta ma sani ba, sai da ta duba ta ga ta cinye kusan kamu guda. Nan dabara ta faɗo mata. Ta share hawaye, ta tashi ta bi gidajen awaki ɗaya bayan ɗaya, don ba ita kaɗai alƙalin ya taɓa ba.

Da safe ta je ta durƙusa gaban Dila. "Allah gafarta Malam, na tuba. Sun rage maka naɗi ɗaya, ga zanena ka mayar."

Dila ya yi lissafi a ransa: kowane naɗi, wata guda ne a kan buzun shari'a. Ya ce, "Kawo, 'yar albarka!"

Kashegari awaki uku suka kawo zannuwa, ya naɗa. Rana ta uku goma suka kawo, ya naɗa. Kafin kwana bakwai rawani ya kai kwandon auduga. Dila yana tafe yana tangaɗi, yana murna, wai ko jikokin Kunkuru ba za su gama warwarewa ba.

Ilu, gyangyaɗi kake? Tashi, yanzu aka zo wurin.

Rana ta bakwai, da tsakar rana, Dila ya nufi rumbu. Karnuka suka sunkuya. Ya tura kai, rawani ya tokare. Ya karkata dama, ya tokare. Ya karkata hagu, ya tokare. Ga ƙamshin Auta yana dukan hancinsa, cikinsa sai ƙugi yake. Ya waiga. Karnuka kai a ƙasa, awaki can nesa suna kiwo, kamar ba ruwansu.

Ya ce, "Ɗan lokaci kaɗan ne." Ya sauke rawanin da hannunsa, ya ajiye, ya kutsa kai cikin rumbu.

Sai awaki suka kwaso a guje suka afka wa rawanin! Wannan ta kama nan, waccan ta kama can, ƙwam, ƙwam, ƙwam. Kowace tana tauna tana kiran sunan ɗanta. A ciki kuma Auta ya ja da baya ya gabza masa karo a hanci. Dila ya fizgo kai yana ihu, ya laluba ƙasa. Ko zare babu.

Akuya ta ce, "Dogarai, ku ɗago."

Karnuka suka ce, "Rawani ya wuce?"

"Ya wuce."

Suka ɗago. Suka dubi juna, suka dubi ɗan ƙaramin kai da kunnuwa tsaye. "Kai! Wannan ai Dila ne!"

"Ni ne alƙali! Ku tambayi dattawa!"

Ina! Haushi ɗaya suka yi, Dila ya ce ƙafa me na ci ban ba ki ba. Har yau bai daina gudu ba, su ma ba su daina bin sa ba. Akuya ta ciro Auta, tana lasarsa tana kuka, farin ciki da baƙin ciki sun haɗe mata, don biyun dai ba za su dawo ba.

Da wata ya tsaya, sai ga dattawa sun taho a hankali, za su warware naɗi na biyu. Suka gaisa da jama'a, suka gaisa da junansu. Can Giwa ta ce, "Ina alƙalin?"

Aka nuna daji.

Kunkuru ya fusata. "Ba bisa al'ada ba! To ina rawanin?"

Akuya ta dube shi, ta yi gyatsa, ta ce, "Ya tsere."

To kun ji. Tun daga ranar akuya ba ta ganin tufa ta ƙyale, shi ya sa nake hana ku shanya kusa da turke. In kun girma aka ba ku hukunta azzalumi, kada ku tsaya gaisuwa. Duk ranar da kuka ƙara masa, ɗan wata uwa ne a cikin rumbu.

Ƙurunƙus, kan Dila ba rawani. Hansai, kashe wutar.