Ranar da Tunau Ya Hana a Kashe Tabki

An yi wani mutum, jama'a, a wani gari da ba sai na kira sunansa ba, tun zamanin kakannin kakanninmu. Wani bawan Allah ne masunci, ana ce masa Tunau. Ku matso kusa. Na baya ku rage hira, labarin nan da ku yake.

Garin nan yana da tabki guda ɗaya tak. Da damina ya cika ya batse, da rani ya ja baya, amma bai taɓa ƙafewa ba. Nan mata ke ɗibar ruwa, nan shanun Fulani ke sha, nan zalɓe da balbela ke wuni. Tarwaɗa da karfasa kuwa akwai su daidai cin gari.

Tunau ba shi da komai sai goran da yake hawa cikin ruwa da komarsa ta kamun kifi. Koma ce mai manyan idanu, da gangan ya saƙa ta haka don ƙananan kifi su zurare. In ya kama mai ƙwai, sai ya mayar da ita. 'Yan uwansa masunta su yi ta yi masa dariya: “Tunau, kana kamawa kana saki, yaushe za ka yi ƙiba?” Shi kuwa ya ce, “In na ci uwa yau, 'ya'ya dubu na ci. Cikina bai kai nan ba.”

Ana nan, ana nan, wata shekara da bazara sai ga fatake da jakuna sun sauka. Bandar kifi suke nema, ko nawa aka samu za su kwashe, su ba da gishiri da tufafi. Sarkin Ruwa, wato shugaban masuntan garin, da ya ga kayan nan sai idonsa ya rufe. Ya tara masunta ya ce, “Koma ba za ta cika jakunan nan ba. Kowa ya daka turmi guda na magimfa. Jibi da hantsi za mu zuba.”

Yaran yanzu ba ku san magimfa ba. Wani ganye ne, in aka daka aka zuba a ruwa, duk abin da ke numfashi a ciki sai ya taso, ciki sama. Babba da ƙarami, uwa da ƙwai, ba ta zaɓe.

Kowa ya yi shiru. Ku saurara, ba don ba su san ɓarna ce ba, sun sani sarai. Amma wannan yana hango gishiri, wancan yana tsoron Sarki. Sai Tunau ya miƙe daga can baya inda ake ajiye takalma.

Ya ce, “Ranka ya daɗe, ni ba zan daka ba.”

Sarkin Ruwa ya ce, “Wa ya yi magana?”

“Ni ne, Tunau. Ba zan daka ba, kuma ina roƙonka kada a zuba. Baɗi me za mu kama? Ruwan nan ba mu muka haƙa shi ba, tarar da shi muka yi. Akwai rabon shanu a ciki, akwai rabon tsuntsaye, akwai rabon 'ya'yan da ba a haifa ba tukuna.”

Sarkin Ruwa ya yi dariya ya ce, “Mai riga ɗaya ne zai koya mini ruwa? Zauna!”

Tunau ya ce, “Zan zauna, ranka ya daɗe. Amma jibi a can za ka same ni.”

Ya koma gida ya gaya wa matarsa Yalwa. Ta ce, “Malam, mutum ɗaya ne kai. Za su karya ka.” Ya ce, “Na sani.” Ta ce, “To me za mu ci in sun hana ka su?” Ya ce, “Wannan ban sani ba, Yalwa. Abin da na sani, in na tsaya ina kallo aka kashe ruwan nan, ba ni da bakin da zan yi wa Ubangiji bayani.” 

Ranar ta zo. Masunta suka jero da ƙore cike da dakakkiyar magimfa, fatake na tsaye a inuwa suna jira, mata sun zo da tuluna su ɗebi ruwa kafin a ɓata shi. Sai ga Tunau tsaye cikin tabki, ruwa iya ƙirjinsa, da ɗan ƙoƙo a hannu. 

Sarkin Ruwa ya daka masa tsawa: “Fito!”

Tunau ya ce, “Ku zuba ina ciki. Amma ƙoƙon nan da kake gani, da shi zan kamfato na farko in kawo maka, ka kuskure baki ka yi alwalar azahar. In ruwan ya halatta ga kifi da shanu, kai ma ya halatta gare ka.”

Aka tura ƙarti biyu suka jawo shi, suka wurgar a laka. Ya tashi, ya kakkaɓe, ya koma cikin ruwa.

Aka sake jawo shi. Wannan karon da sanda, har goshinsa ya fashe. Suka fasa goransa a gabansa, suka yayyaga komar da wuƙa. Ya dubi abin da ya mallaka duka a duniya yashe a ƙasa. Ya share jini da bayan hannu, ya koma cikin ruwa.

Ku saurara, jama'a. Bai zagi kowa ba, bai ɗaga wa kowa hannu ba. Komawa kawai yake yi.

Karo na uku suka jawo shi, ƙafa ta ƙi ɗaukarsa. Sai ya kama rarrafe, yana jan jiki cikin laka, yana nufar ruwa. A nan ne Yalwa ta sauke tulunta. Ta gyara ɗaurin zane, ta wuce ta gaban Sarkin Ruwa ko kallonsa ba ta yi ba, ta shiga tabki ta tsaya daidai inda mijinta ya tsaya. Ta ce, “Ruwan tuwona ne. Ku zuba.”

Wata tsohuwa ta bi ta. Wata mai goyo ta bi. Kafin a ankara mata sun cika bakin tabki, ruwa iya ƙugu. To wane ne zai watsa guba a kan uwarsa? Wane ne zai watsa a kan matarsa da goyo a baya? Wani dattijon masunci ya juya ya kifar da ƙwaryarsa a kan yashi, nesa da ruwa. Na kusa da shi ya kifar. Haka, haka, har aka bar Sarkin Ruwa shi kaɗai riƙe da tasa. Fatake suka kora jakunansu suka yi gaba.

Kada ku zaci an ɗauki Tunau a kafaɗa ana guɗa. Ina! Nan take Sarkin Ruwa ya yanke hukunci: Tunau ba zai ƙara kama kifin ci a tabkin nan ba har ya mutu. Mutanen gari kuma da yawa suka ƙullace shi, wai ya kore musu arziki. Ya koma saƙar tabarma yana kaiwa kasuwa, wata rana a ci, wata rana a sha ruwa a kwanta.

Fataken nan kuwa sun samu abin da suke so a wani gari na gaba. Can aka zuba magimfa, aka cika jakuna. Tabkinsu ya yi kwanaki yana wari, shekara uku ba a ga ko ɗan kifi ba.

Da labari ya iso, Tunau ya je gaban Sarkin Ruwa ya ce, “Ranka ya daɗe, kifin ci ka hana ni. Ba ka hana ni na rayawa ba.” Bai jira amsa ba. Ya ari koma, ya kamo 'ya'yan kifi da ransu, ya zuba a tulu da ruwa, ya ɗora a ka. Tafiyar rabin yini ce. Ya kai, ya juye musu a tabki, ya dawo. Haka ya yi ta yi duk damina har ruwansu ya farfaɗo. Ya mutu yana mai saƙar tabarma, ba a taɓa ɗage masa hukuncin ba, ba wanda ya zo ya ba shi haƙuri. Allah ya jiƙansa.

To, jama'a, ga abin da nake so ku tafi da shi. Ƙasa da ruwa da itace amana ce Allah ya ba mu, ba ganima ba ce. Kuma amana ba ta jiran sai kowa ya yarda. Wanda ya ga ana ɓarna ya yi shiru don shi kaɗai ne, yana da kaso a cikinta.

Mu dubi kanmu. Wa ke zuba maganin feshi a rafi don ya kwashi kifi? Wa ya sare tsamiyar da kakansa ya sha inuwarta ya mayar da ita gawayi, bai dasa ko ɗaya ba? Wa ke juye leda a magudana, in ruwa ya ci gida ya ce ƙaddara? Kun san su. Wasunsu suna zaune a nan, wasu kuma kun gan su kun kau da kai.

Kada wani ya ce mini shi talaka ne, ba a jin maganarsa. Ba ka fi Tunau talauci ba. Ka ce a'a. In sun yi maka dariya, ka sake cewa a'a. In sun ture ka, ka tashi ka koma inda ka tsaya. Ko mutane ba su gode maka ba, Wanda ya halicci ruwan yana gani. Allah ya ba mu ƙarfin hali, ya sa mu bar ƙasar nan da rai ga masu zuwa bayanmu. Ku ce amin.